Motar da Barau Ya Turke

A zauren gidan marigayi Bello Direba da ke Bakura aka yi cinikin, wata Laraba da hantsi, ana jiran ruwan shuka. Barau, dillalin dabbobi a kasuwar Talatar Mafara, yana zaune a tabarma. Marka, matar marigayin, tana kan 'yar kujera a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida. Sai da suka gaisa tun daga gajiya har jikoki da zafin gari, sannan Barau ya taɓo abin da ya kawo shi.

"Yaya Marka, ƙarhen nan da ke bayan gida, mi za ki yi da shi?"

"Wane ƙarhe? Motar Malam?"

"Mota ai sai tana tahiya. Wagga yaushe rabonta da hanya?"

"Tun kahin in haihi Husaina. Ga Husaina can da ɗiyanta huɗu."

Motar da ake magana a kanta Datsun ce, 'yar Japan, mai ƙofa biyu da kujera biyu, gabanta dogo kamar bakin kada, bayanta a gajarce. Wani Bature injiniya ya shigo da ita lokacin aikin dam na Bakolori. Bello ne ke tuƙa shi, da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Bello ya hau ta 'yan shekaru, ta tsaya, aka rasa kayan gyaranta, sai ya tura ta ƙarƙashin wata rumfar kwano ya ɗora ta a kan duwatsu. Nan ta zauna. Fentinta mai ruwan lemo ya koɗe, kaji suna ƙwai a kujerar direba, amma da yake rumfar ba ta yoyo, tsatsa bai ci ta ba.

Marka ta ce, "Kai da ba ka sayen akuya sai ka buɗa bakinta ka duba haƙora, mi kaka nema ga matacciyar mota?"

"Wani ka son ƙarhenta."

"'Yan gwangwan sun zo har sau uku Malam na da rai, duk ya kore su. Ni ko ba kuɗɗi nika so ba, kuɗɗi ba su kwana gidan ga. Bijiman nan naka biyu na huɗa, baƙin da jan, su nika so. Mujahid duk shekara sai kowa ya ƙare huɗa kana shi samu haya."

Mujahid ɗanta ne, shi ke noma gonar gidan. Barau ya yi dariya, ya ce bijimai biyu a bakin damina ba a ba da su don akurkin kaji. Ya taya da guda. Marka ta ce albarka. Ya ƙara tunkiya mai ciki. Ta ce albarka. Sai ya miƙe ya sa takalminsa, wanda shi ne makaminsa na ƙarshe a kara, wato kasuwar dabbobi, don a saninsa da wuya mai kaya ya ga bayan mai saye bai kira shi ba. Marka ba ta kira shi ba. Faifai ta jawo ta shiga tsince wake. Ya kai bakin zaure, ya tsaya, ya dawo.

"Na ba da biyun."

"Na sallama, Allah shi sa albarka. Amma rumfa tawa ce. Kuma tasoshin ƙarhe huɗu da kaji ka shan ruwa ciki, ba su cikin ciniki."

Tasoshin nan murafun tayar motar ne, Bello ya ciro su tun da daɗewa. Barau ya ce a bar wa kaji abinsu. Aka kira Mujahid da limamin unguwa suka shaida, aka shafa fatiha.

Bijiman nan biyu su ne jarin Barau, da su yake huɗa gonarsa, da su yake ba da haya. Bai ba da su don hauka ba. Makonni biyu kafin nan, wani ɗan Mafara mazaunin Abuja, Alhaji Mukhtar, ya zo wata ta'aziyya a Mafara, aka zauna ƙofar gida ana hira. Shi Alhaji Mukhtar abin da yake yi da dukiyarsa shi ne tara tsofaffin motoci, kamar yadda wani ke tara dawaki. Ya nuna wa mutane hoton wata a waya, ya ce shekara da shekaru yana neman irinta, masu nemanta a duniya suna da yawa, ita kuwa kullum ƙarewa take. Wani ya tambaye shi abin da zai biya, ya faɗi abin da zai sayi ƙaramin garke. Mutane suka yi dariya. Barau bai yi ba, don ya tuna inda ya ga wannan bakin kadan, ranar da ya je sayen awakin Marka.

Da aka ɗauko motar a bayan babbar motar kaya aka sauke ta ƙofar gidansa a Mafara, ya sa aka ɗauki hotonta gaba da baya aka tura Abuja. Ko shayi bai huce ba wayarsa ta yi ƙara.

"Malam Barau, ita ce. Ka riƙe mini ita sai na zo bayan babbar Sallah. Abu ɗaya nake roƙo, kada a taɓa mata komai. Ko wanke ta kada a yi. Ka bar min ita yadda take."

"In sha Allahu, ranka shi daɗe."

Barau ya ajiye waya yana murmushi. Shekara talatin yana kara, wannan magana ya san ta kamar sunansa. Duk wanda ya dubi ramammen sa ya ce a bar masa shi yadda yake, so yake ya saya a kuɗin rama, ya kai gida ya turke shi wata uku da dusa da harawa, ya fito da shi ya sayar a kuɗin ƙiba. Ribar dabba a turke take. Shi kansa Barau ya faɗa wa Fulani wannan maganar sau ba iyaka, da irin wannan tattausar murya. To, in ramammiyar mota ta kai ƙaramin garke, mai ƙiba fa?

Matarsa Taibatu ta ji wayar tun daga tsakar gida. Ta ce, "Malam, na ji mutumin ya ce kar a taɓa ta."

"Haka mai saye ka cewa."

"In ko da gaske shika yi?"

"Taibatu, ke kin taɓa kai tunkiya kasuwa da kashi a gindi?"

Ta ce ba ta taɓa ba, ta koma ga tukunyarta.

Washegari aka tura motar garejin Surajo, a bakin hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Surajo bakanike ne mai hannu, ba motar da ta taɓa shiga garejinsa ta fita da turi, kuma yana ji da wannan suna. Ya ɗaga bonet ya daɗe yana kallo.

"Kawu, wanga inji silinda shida ne, ya ƙame kamar dutsi. Ko Kano ba ka samun kayanai."

"Ba tarihinai nika tambaya ba. Tana tashi ko ba ta tashi?"

"Da wanga ba ta tashi. Amma ina da injin Fijo fikof, lahiyayye. In yanka nan, in yi walda nan, shi zauna. Sai ta kai ka Gusau ta dawo ba ta yi tari ba."

"To, turke mani ita."

Suka shirya a kan raguna biyu da Barau ke turkawa don Sallah, Surajo kuma ya riƙe duk tarkacen da ya ciro. Barau ya ga ya yi arha, don tarkace ba sa cin dusa.

Wata guda da rabi motar tana turke. Kullum in ya taso daga kara sai ya biya ya duba ta, kamar yadda yake shafa ƙirjin rago ya ji ko kitse ya fara zama. Aka kankare tsohon fentin har ƙarfe, aka fesa fari tas. Kujerun da kaji suka ɓata aka yaye su aka lulluɓe da jar leda. Sitiyarinta siriri ne mai kalar katako, Surajo ya ce na tsofaffi ne, ya sa mai kauri. Aka faɗaɗa ramin rediyo aka sa mai cin filashi, allon gaban direba da ya tsattsage aka manne shi da kafet. Ranar da injin Fijo ya tashi, 'yan tasha suka taru suna kallo. Surajo ya zagaya da ita har shataletale ya dawo, yana cewa ko gwamna ya gan ta sai ya waiwaya.

A wannan damina Barau haya ya yi aka huɗa masa gona, kuma sai da kowa ya gama. Bai damu ba. Wanda ke jiran garke ba ya kukan bijimai biyu.

Alhaji Mukhtar ya iso kwana takwas bayan Sallah, da rana tsaka, don ba mai son yamma ta same shi a hanya. Aka yi masa shimfiɗa, aka kawo fura, aka gaisa. Motar tana gefe a rufe da tamfol. Barau ya bari sai da baƙon ya sha fura ya sake gaisawa, sannan ya tashi ya yaye tamfol ɗin da hannunsa, ya ba Surajo makulli ya tayar da ita.

Alhaji Mukhtar ya miƙe. Ya zagaya ta sau ɗaya, a hankali. Ya leƙa ciki ya taɓa jar ledar da yatsa guda. Ya ce a kashe inji a ɗaga bonet. Ya duba, ya ciro tabarau ya sake dubawa.

"Malam Barau, ina injinta?"

"Ga shi nan, ranka shi daɗe, ka ji kukanai da kunnenka."

"Nata nake nufi. Wanda aka haife ta da shi."

"Wancan mushe ne. Mun hid da shi."

Alhaji Mukhtar ya nuna masa wani ɗan allon ƙarfe da ke manne a cikin gidan inji, mai lambobi. Ya ce lambar da ke nan, akwai 'yar uwarta a jikin injin asali, kuma haɗuwar lambobin nan biyu ita ce rabin darajar motar. Sauran rabin kuwa fentin da aka kankare ne, da kujerun, da sitiyarin.

"Ba tafiyarta nake saya ba, Malam Barau. Masu tafiya ina da su. Abin da nake saya shi ne yadda ta fito daga hannun waɗanda suka ƙera ta. Shekara hamsin ba wanda ya taɓa ta, wannan shi ne abin da ba a samu."

Barau ya gyaɗa kai, hankalinsa kwance. Kushe ai shi ne sallamar mai saye. Wanda zai sayi sa sai ya ce ƙahonsa ya karkace, ƙafarsa ɗaya gajera ce, sannan ya taya. Sai ya gyara zama yana jiran tayi. Alhaji Mukhtar ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya juya ya tambayi Surajo yadda hanyar Bakura take a 'yan kwanakin nan.

A nan ne Barau ya farga. Mai kushe yana saye. Wanda ya bar kushe ya koma tambayar hanya, ya riga ya fita kasuwa.

"Ranka shi daɗe, in an samo tsohon injin fa?"

"In an samo shi da lambarsa, ko a ƙame yake, ma yi magana. Ina nan har gobe da azahar."

Da baƙon ya tafi, Barau ya juya ga Surajo. Surajo ya sosa ƙeya ya ce kujerun da sitiyarin 'yan gwangwan sun kwashe tun watan jiya, injin kuwa ya ba surukinsa Mas'udu, mai zubin tukwanen alminiyam a Maradun.

"Kawu, kai kac ce tarkace nawa ne."

"Na ce. Ban ce ka yi gaggawa ba."

Da sassafe, bayan rana ta fito mutane sun fara bin hanya, Barau ya hau bayan ɗan acaba sai Maradun. Ya sami rumfar Mas'udu a bayan kasuwa, ga zugazugi, ga yashin zubi, ga sababbin tukwane a kife suna ƙyalli. Duk da abin da ke cinsa bai manta sana'arsa ba. Bai tambayi inji ba. Ya gaisa, ya ce daga wajen Surajo yake, ya ɗauki tukunya ya ƙwanƙwasa, ya ce ta yi nauyi.

Mas'udu ya ce, "Wagga ba ta gwangwanin lemo ba ce, Baba. Alminiyam ne na Japan. Wani tsohon inji surukina ya aiko man, kan injin kaɗai ya ba ni manya huɗu. Ban taɓa narka mai kyau irinai ba."

"To, madalla. Gangar jikin injin fa, ai ita baƙin ƙarhe ce, ba ta narkewa gare ka."

"Ba ta narkewa. Amma fistin shida na ciki, su ma alminiyam ne, sun ƙame sun ƙi hita. Sai da nis sa mata guduma."

Ya nuna bayan rumfa da haɓa. Barau ya je ya duba. Gutsattsarin baƙin ƙarfe ne a zube, wasu an tokare ƙofa da su, wasu an danne tamfol. Ya tsuguna yana juya su ɗaya bayan ɗaya, babbar rigarsa tana jan ƙasa, har ya sami wani kamar tafin hannu, mai ɗan fili da lambobi a kai. Mas'udu yana tsaye yana kallonsa. Wanda ya ga dattijo ya taso tun daga Mafara yana tonon bola da rigar Sallah, ba sai an yi masa bayani ba.

"Baba, wanga guntun shi ka danne man tamfol."

"Duwatsu sun ƙare Maradun?"

"Ba su ƙare ba. Amma in ka sayi tukunyar da kaƙ ƙwanƙwasa, sai in ba ka shi gyara."

Barau ya sayi tukunyar, kuma bai ko taya ba.

Bai sami Alhaji Mukhtar a Mafara ba, aka ce ya tafi Bakura ganin inda motar ta yi zamanta. Barau ya bi shi. A zauren nan dai ya same su, Marka a kan 'yar kujerarta, baƙon a tabarma. A gabansa ga murafun taya huɗu an wanke su, ga wani ɗan littafin motar da 'yar jakar sifanu da Marka ta zaro daga adakar marigayi. Daga bayan gida ana jin baƙin bijimi yana kuka.

Barau ya gaisa, ya zauna, ya kwance bakin hankici ya ajiye guntun ƙarfen.

"Ranka shi daɗe, in saniya ta mutu a ruga, makiyayi na kawo wa mai ita wutsiya shaida. Ga wutsiya."

Alhaji Mukhtar ya sa tabarau, ya duba lambar, ya duba hoton allon da ya ɗauka a waya.

"Shi ne kuwa. Lamba ta haɗu." Ya juya guntun a hannunsa, ya mayar. "Sauran fa?"

Barau ya nuna tukunyar da ke gefensa. Marka ta kai gefen mayafi bakinta, ta ce tari ne ya sarƙe ta.

Alhaji Mukhtar ba mugun mutum ba ne. Ya ce jikin motar har yanzu yana da amfani, ƙofofi da gilasai da fitilu na asali ne, zai iya sayenta don ya riƙa cirar kaya. Ya faɗi abin da zai bayar, kimanin kuɗin bijimi guda. A kara wannan shi ake kira kuɗin fata.

Barau ya ce albarka. Ya ɗauki tukunyarsa, ya miƙe, ya sa takalmi a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ya fita ya tsaya wajen ɗan acaba yana gyara hula, yana sauraro. Abin da ya jiyo daga zauren shi ne Marka tana cewa ita kuɗi ba sa kwana a gidanta, in Alhaji yana son tasoshin kaji da littafin Malam, to garmar shanu sabuwa take so da amalanke. Ya jiyo Alhaji Mukhtar ya ce ya ba da. Ba wanda ya kira Barau. Komawa kuwa a gaban Marka karo na biyu, wannan ya fi ƙarfinsa. Ya hau babur.

Motar tana nan har yau. Ba ta ɗaukar fasinja sai ɗaya, ba ta ɗaukar buhu, cikinta yana kartar ƙasa a hanyar ƙauye, shi ya sa ba ɗan tashar da ya taya. Barau ya koyi tuƙi a hannun Surajo. Ranar Talata za ka gan shi ya nufi kara a cikinta, fara tas, wani lokaci da rago a ɗaure a kujerar gefe yana leƙen taga. Abokan sana'arsa sukan tambaye shi ko ta ƙara ƙiba, yakan ce tana nan tana ci.

In aka zo rabon riba, Marka ce a gaba. Ta sami bijimai biyu da garma da amalanke, rumfarta tana nan, kajinta sun koma shan ruwa a kasko, Mujahid kuma shi ke ba da haya yanzu, har Barau yana cikin masu jiran layi. Surajo ya ci raguna biyu ya rabu da injin Fijon da ya daɗe yana tare masa wuri. Mas'udu ya zuba tukwanen da ya ce bai taɓa zuba irinsu ba. Taibatu ta sami guda, kuma ta ce ba ta kama tuwo. Alhaji Mukhtar ya koma Abuja da murafun taya huɗu na motar da ba shi da ita, yana nan yana nema. Barau kuwa ya rasa bijimai biyu da raguna biyu da garken da bai taɓa gani ba, ya tsira da motar da ke tashi bugu ɗaya.